Jirgin Hayar da Na Kwance da Hannuna

Shekaranjiya da la'asar, ina durƙushe gaban injin ban ruwan wani mutumin Jabo, na ji ku kuna gardama a bakin shagon cajin waya. Ɗaya daga cikinku ya kalli wani abu a wayarshi, ya ce duk duniya babu sana'a mai sauƙi irin ba da hayar jirgin sama: ka samu jirgi, ka miƙa ma wani, ka koma gida ka miƙe ƙafa. Wani ya nuna ni da haɓa ya ce ai ga Baba Sahabi nan, ya sha yawon sama kyauta har ya tsufa. Ban tanka ba, don akwai noti a bakina. Yau hannuna babu aiki, ku jawo benci ku zamna.

Ni ba matuƙi ba ne, bakanike ne. A nan Tambuwal na fara, a wani garejin mota kan hanyar Jega, ina wanke kabureta da fetur. Gidanmu na wajen Kebbe, noma da shanu. Wana, Yaya Modi, shi ya saida bijimi ya kai ni makarantar koyon sana'a, daga can wani malaminmu ya rubuta mani takarda zuwa filin jirgi na Kano. Na isa ina ganin na san inji. Shekara biyu ban taɓa injin jirgi ba. Cikin jirgi nika wankewa daga ƙasa, ina kwance rigingine, baƙin mai da ruwan sabulu na zuba mani a ido.

Wanda ya koya mani aiki sunanshi Oga Bulus, mutumin Filato, gajere, kunnenshi na hagu ya mutu saboda ƙarar inji. Ranar da ya yarda in riƙe sifana, sai ya buɗe akwatin kayan aiki ya ce in duba. Kowane ƙarfe da gurbinshi, an zana siffarshi da jan fenti: sifana, soket, filaya mai murɗa waya, ɗan madubi mai dogon hannu na leƙa lungu, tocila, da sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai inda ake so ya tsaya. A garejin mota ana ɗaure noti har sai hannu ya gaji. A jirgi littafi ke gaya maka inda za ka tsaya, kuma in ka ɗaure sai ka saƙale shi da waya don kada girgiza ta warware shi. Ana ƙirga kaya kafin a fara aiki, a ƙirga kafin a rufe murfin inji, a ƙirga kafin a tashi.

Wata safiya mun gama canza matatar mai, fasinja na jira, na ƙirga kaya sai na ga gurbin ƙaramin soket ɗaya fayau. Na tsaya ina kallon gurbin, ina tunanin ko in rufe akwatin in yi shiru. Oga Bulus ya ga yadda na tsaya.

"Nawa ne?"

"Saura ɗaya, Oga."

Ya ɗaga hannu ya ce ma matuƙi ba inda za a je. Munka sake buɗe murfin, munka bi injin da madubi da tocila kusan awa guda, mutanen ofis na ta zirga-zirga suna duba agogo. A ƙarshe soket ɗin a naɗin ƙafar wandona anka same shi. Na ɗauka zai mare ni. Sai ya kama hannuna ya kai ni gindin matakala ya ce, "Tsaya nan. Duk wanda zai shiga, ka dubi fuskarshi." Na tsaya. Akwai wani tsoho da anka riƙo, akwai wata mata da jariri a kafaɗa, akwai 'yan makaranta biyu suna dariya. Da na ƙarshe ya shiga, ya ce, "To, je ka ci abinci." Bai sake tada maganar ba har munka rabu.

Kamfanin namu na wani Alhaji ne da ya yi arziki da manyan motoci na ɗaukar auduga da fata. Ya fara da ɗan jirgi guda mai kai jaridu da magani. Daga baya ya ga ana samu a fasinja, ya buɗe ofis ɗin tikiti a garuruwa uku, ya rubuta sunan kamfani a jikin jirgi da manyan baƙaƙe. Abin bai yi ba. Jirgi zai tashi rabinshi wayam, mai kuwa ɗaya yake sha ko da mutum ko babu. Manyan kamfanoni sunka karya farashi, munka fara jin ana raɗe-raɗin rufewa. Ana cikin haka jirgin wani babban kamfani ya lalace, ga fasinja sun saida ma tikiti. Sunka roƙi Alhaji ya ba su namu na mako ɗaya, da matuƙanshi da kanikawanshi. Da makon ya cika, Alhaji ya zamna ya lura bai saida tikiti ko ɗaya ba, bai sayi mai ba, bai yi faɗa da fasinja ba, kuma an biya shi. Kafin shekara ta zagayo ya rufe ofisoshin tikiti, ya sa anka shafe sunanshi da farin fenti. Tun daga ranar munka zama kamfanin da fasinja ba su san da shi ba.

To, a nan ne kuke cewa daɗi. Bari in kwatanta maku da abin da kunka sani. Mai shanun huɗa yana iya ba ka shanun kawai, kai ka nemi garma, ka nemi mai kora, ka ciyar da su, in sun yi ciwo ka yi magani. Wannan mu a bakin aiki busasshiyar haya muke ce mata. Yana kuma iya zuwa gonarka da shanun, da garma, da mai kora, da harawarsu, kai kawai ka nuna mashi kunya ka biya shi gwargwadon aikin da ya yi. Wannan ita ce ɗanyar haya, kuma ita ce tamu. Fasinja nasu, tikiti nasu, mai nasu. Jirgi, matuƙa, gyara da inshora namu. Awa ake biya, awar da jirgi ya yi a sama. In yana ƙasa don sun rasa fasinja akwai ɗan abin da anka yi yarjejeniya a kai. In yana ƙasa don ya lalace, ba ko sisi, kuma kowa ni yake kallo.

Abin da ba ku sani ba shi ne, shanun ma ba na Alhaji ba ne. Babban jirgin da ya maye gurbin ɗan jirgin farko busasshiyar haya ce daga wasu Turawa da ban taɓa ganin ofishinsu ba. Su ba ruwansu da ko ya tashi ko bai tashi ba, wata na ƙarewa suna jira. Mu ne a tsakiya, an ba mu aro mun ba da aro, kuma igiya biyu ke jan mu.

Wanga jirgi mai farfela biyu ne, yana ɗaukar kamar mutum hamsin. Oga Bulus ya sa mashi suna Gwaggo, wai da safe sai ya yi ta mita kafin injin hagu ya kama, amma kuma ɗan kowa yake ɗauka bai tambayi na wane ne ba. Da na samu lasisi, ni anka haɗa da Gwaggo. Duk inda anka ba da shi haya, ni da akwatina muna ciki, a kujerar ƙarshe kusa da bayi. Shi ne yawon saman da kunka ji.

Aikin da na fi tsana shi ne sauya suna. Sabon mai haya zai aiko da manyan takardun liƙi masu ɗauke da sunanshi da tambarinshi. Sai ka hau tsani ka ɓare na jiya, da iska mai zafi da ɗan makankarin roba, don ƙarfe na iya yi ma fenti rauni. Gam ɗin da ya sha rana wata shida ba ya fita da daɗi, farce ke biya. Ka wanke, ka auna, ka liƙa sabon, in ya karkace da yatsa ɗaya mai haya zai hango daga nesa. Masu hidimar cikin jirgi su ma su tuɓe kayan wancan kamfani su sa na wanga. Na sha jin fasinja na sauka suna sa ma kamfanin albarka, suna cewa wanga jirgi ya fi na makon jiya natsuwa. Gwaggo ne makon jiya, Gwaggo ne yau.

Masu haya kala-kala ne. Akwai wanda jirginshi ya lalace, yana zuwa a gigice, ya amsa duk abin da anka ce, in nashi ya warke ko sallama babu. Akwai sabon kamfani da bai da jirgi ko ɗaya sai suna da ofis. Akwai masu haƙar ma'adinai, waɗanda ba su ciniki amma minti biyar ba su yafewa. An taɓa ba mu kwangilar 'yan tsaki, munka cire kujeru munka jera kwalaye. Su ba a rufe masu ƙofa a tsaya, zafi na kashe su nan take. Ranar da izinin tashi ya makara, ni da matuƙi munka tsaya muna yi masu fifita da kwali kamar masu jinya.

Wata rana a wata ƙasa maƙwabciya, tsakar rana, ina zagayen duba jirgi kafin tashi, na ga taya ɗaya ta tsage har zaren ciki ya fito. Manajan masu hayar ya zo, wani dogo mai yawan turare, ya duƙa ya duba ya ce a wurinsu ana tashi da wadda ta fi wagga muni. Na ce mashi ba zan sa hannu ba. Ku gane, jirgi ba ya motsi sai bakanike ya sa hannu a littafi cewa lafiya lau yake, kuma in wani abu ya faru wannan hannun ake nema. Ya ce sawu ɗaya kawai, in an dawo in canza. Na ce a'a. Ya ce zai kai ƙarata. Na ce ya kai, na je na jawo jak. Kwalta ta yi laushi saboda rana, jak na nitsewa, sai da na roƙi katako wurin masu dako na shimfiɗa. Birki bai huce ba, ya ƙona mani bayan hannu, ga tabon nan. Fasinja na kallo ta gilashi, wasu na nuna ni da yatsa. Da munka dawo gida Alhaji ya kira ni, takardar ƙara na gabanshi.

"Sahabi, tayar ta mutu?"

"Ta mutu, ranka shi daɗe."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce in tafi. Amma waɗannan mutane ba su sabunta kwangila ba, munka yi wata biyu Gwaggo na zaune. Gaskiyar bakanike ma tana da tsada, kuma ba shi kaɗai ke biya ba.

Hutu kuwa sai abin da mai haya ya bari. Lokacin da kowa ke tafiya gida, lokacin ake neman jirgi. Sallah da yawa a gindin fiffike na yi ta. Da mahaifinmu ya rasu ina wata ƙasa, babu wanda zai karɓe ni, na iso Kebbe kwana uku bayan an rufe shi, na kwana biyu na koma.

Da Alhaji ya tsufa, ɗanshi Nasiru ya karɓi ragama. Yaro ne mai karatu, mai ladabi, ba zan ɗora mashi abin da bai yi ba. Shi ya ce bai kamata duk rayuwarmu ta rataya ga jirgin wasu ba, ya sayi jirgi na biyu, irin Gwaggo sak amma ya girme shi, wanga kuwa mallakar kamfani. Munka sa mashi Auta, don shi ya zo daga baya. Shekarun nan ne munka fi jin daɗi: in ɗaya na gyara, ɗaya na sama.

Sai shekarar korona. Cikin mako guda duk masu haya sunka bugo waya, kowa da magana ɗaya: a dakatar da haya. Munka ja jiragen biyu munka aje bayan rumfar gyaran jirgi. Ku da kuke ganin aje jirgi hutu ne, jirgin da ke zaune ya fi mai tashi wahala. Duk wata kafa sai ka toshe. Akwai 'yan bututu a hancin jirgi masu gaya ma matuƙi gudun da yake yi, zanzaro na son su kamar me, yini ɗaya ya ishe shi ya cika ɗaya da laka. Tsuntsaye na saƙa sheƙa a wutsiya. Taya in ta daɗe a wuri ɗaya sai ta kwanta, don haka sai mun tura jirgi gaba kaɗan, mako mai zuwa mu mayar da shi baya. A tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan tankin mai, a rufe tagogi don rana, a tada inji duk mako ya yi zafi a kashe. Filin jirgi tsit, har kukan kurciya ake ji. Albashi ya koma rabi, mu kuwa kullum muna nan, muna kiwon abin da ba ya zuwa ko'ina.

Wata na fuɗu Nasiru ya samo kwangila ta kai magani da ma'aikatan lafiya. Ita kaɗai ce a ƙasa, kuma da Auta za a yi, don lokacin babban binciken Gwaggo ya yi, ba halin kai shi. Mako na biyu famfon mai na injin dama na Auta ya mutu. Anka bugo waje, anka ce ko an biya yau sai an yi makonni, hanyoyi a rufe suke. Masu kwangila sunka ba mu kwana biyu.

Nasiru ya zo rumfa da kanshi, takunkumi a fuska. Ya gaishe mu, sa'an nan ya dubi inda Gwaggo ke tsaye.

"Oga, famfonsu ɗaya ne, ko?"

Oga Bulus ya juyo da kunnen da ke ji. "Ɗaya ne. Amma wancan ba naka ba ne, ba na babanka ba ne. Yarjejeniya ta hana a cire ko kusa ba da izininsu ba."

"Na rubuta masu sau uku, ba amsa, su ma ofishinsu a rufe yake. Aro ne, Oga. Namu na isowa mu mayar."

"Na taɓa jin haka a wani kamfani kafin a haife ka."

"To ka gaya mani abin da zan ce ma mutanen nan ƙarshen wata," in ji Nasiru, ya nuna masu shara da masu tura kaya da ke zaune a inuwa. "In kwangilar nan ta tafi, ba rabi ba, ko kwata babu."

Oga Bulus ya goge hannu, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusa. Ya ce shi ya tsufa da fara irin wanga aiki, zai koma gida. Nasiru ya roƙe shi, ya ƙi. A bakin ƙofa ya kira ni gefe.

"Ban ce ka bi ni ba, Sahabi, kana da iyali, su ma suna da shi. Amma in za ka cire, ka cire da kyau. Ka toshe bututun, ka rataya kati, ka rubuta a littafi da sunanka. Kada ka bari wani ya hau wancan jirgi yana zaton cikakke ne."

Na tsaya. Ba wanda ya tilasta ni, in na ce maku an tilasta ni na yi ƙarya.

Washegari da hantsi na hau tsani na buɗe murfin injin Gwaggo. Na yanke wayoyin da ni na ɗaure su da hannuna, na kwance noti fuɗu, na tara kwano don man da zai zubo. Famfon ya fito sumul. Na toshe bakin bututun da murfin roba, na rubuta jan kati: abin da anka cire, lambarshi, inda anka kai shi, da sunana. Kafin la'asar Auta na sama. Masu shara sunka zo suna yi mani godiya.

Famfon da anka yi oda ya iso bayan wata biyu, amma ranar da ya iso an riga an ciri abin tada inji, don na Auta ya ƙone. Sai taya biyu. Sai rediyo. Sai gilashin gaban matuƙi, da tsuntsu ya fasa na Auta. Duk abin da ya iso daga waje, kafin in kai shi wurin Gwaggo Auta ya buƙaci wani. Kowane lokaci Nasiru zai ce wanga ne na ƙarshe, kuma na san har ranshi yake faɗi. Na daina tada injin Gwaggo, don babu abin tada shi. Amma ban daina zagaya shi da safe ba, ina korar zanzaro, jajayen katuna na kaɗawa a jikinshi ko'ina.

Da hanyoyi sunka buɗe, Turawan masu Gwaggo sunka turo wata Baturiya injiniya ta duba kayansu. Mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta yi yini biyu tana bin katunan ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da littafi. Ni ke riƙe mata tsani. Da ta gama ta tambayi wa ya rubuta. Na ce ni. Ta ce wa ya cire. Na ce ni. Ta cire tabarau ta ce ta ga jirage da yawa da anka yi ma haka a wannan shekara, galibi sai ta yi wata tana neman abin da ya ɓata, ni na rage mata aiki. Ba yabo ba ne, yadda ta faɗa ke nan. Lasisina dai ba a taɓa shi ba, katunan nan ne sunka tsare shi.

Hukuncinsu ya zo bayan makonni. Sun duba abin da za a kashe a mayar da Gwaggo sama, sun ga bai kai ba, ga shi ya tsufa. Sunka turo mutane sunka sauke injuna biyu da farfela da ƙafafu da abin da ya rage mai daraja, anka naɗe a akwatuna. Gangar jikin sunka ce a saida ma duk mai so. Lauyoyi sunka shiga tsakaninsu da Nasiru, wannan ban san yadda ta ƙare ba. Abin da na sani, harkar haya duniya ce ƙarama, kowa ya ji. Babu wanda zai sake ba mu jirgi, masu haya kuma ba su son kamfani mai jirgi ɗaya. Auta ya ja kamar shekara, ranar da ya sake neman wani ƙarfe babu inda za a ciro. Anka tara mu a rumfa, Nasiru ya ce kamfani ya rufe, kowa ya kama gabanshi.

Ni ya roƙa in ƙara mako guda, don masu gwangwan da sunka sayi gangar Gwaggo za su zo, kuma hukumar filin jirgi ta ce sai da bakanike a wurin. Jirgin na kwance kan tsofaffin tayoyin mota, babu ƙafa. Sunka iso da babbar mota da injin yankan ƙarfe. Maigidansu, wani baƙi kakkaura, ya yi sallama, ina jin bakinshi na ce, "Kai mutumin ina ne?"

"Fakku, Baba. Malami sunana."

"Ni Kebbe, ai maƙwabta muke."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana dariya, ya ce ashe gida ya zo. Ya ce maƙeran tukunya na Jega zai kai ma, sun ce dalmar jirgi ba ta da na biyu. Muna cikin gaisawa na hangi ɗaya daga cikin mutanenshi ya hau fiffike, ya tada injin yanka. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na fizge wayar injin daga soket ɗin wuta.

"Lafiya, Baba?"

"Tankin mai ne kake tsaye a kai. An tsiyaye man, amma tururinshi na ciki. Tartsatsi ɗaya, da kai da mu sai dai a tattara."

Malami ya ce mako guda zai yi asarar hayar mota in an tsaya. Na ce kwana biyu. Na buɗe duk murafun tankin, na bar iska ta ratsa, na cika da ruwa na zubar, na sake cikawa. Na cire kwalaben iska da na kashe wuta da anka manta a ciki. Rana ta uku na shinshina kowace kafa, na ce to.

Malami ya ce, "Ta ina za mu fara, Baba? Kai ka san shi."

Na ɗauki alli na zana masu. Nan ƙarfen ya yi kauri, za ku ɓata faifai a banza. Nan ku bi layin kusoshi, zai rabu da kanshi. Wutsiya ku tallafe ta kafin ku yanke, tana da nauyin da ba a gani. Sunka bi allin, kafin kwana uku babu komai a wurin sai tayoyin mota da tabon mai a ƙasa.

Malami ya ce tunda hanya ɗaya ce, kada in biya mota. Na ɗora kayana, na zamna gaba tare da direba, Gwaggo na baya guntu-guntu an ɗaure da igiya. Munka kwana a hanya, washegari da hantsi munka iso Tambuwal. Na riga na bugo ma Yaya Modi, yana jira a bakin titi da babur, ya tsufa, gemu fari fat. Munka gaisa. Ya ɗaga kai ya dubi lodin.

"Wanga fa mi na?"

"Jirgin ke nan, Yaya."

Ya matsa kusa. Wani guntu ya leƙo ta gefen mota, da taga ɗaya a jikinshi. Ya ƙwanƙwasa shi da sandarshi, ya kama bakin da yatsa biyu ya ji kaurin, ya ga yana lanƙwasuwa.

"Cikin wanga kaka shiga sama?"

"Shekara ashirin da wani abu."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen, ya dube ni tun daga kai har ƙafa kamar mai duba ko akwai abin da ya ragu. Direba ya danna ham. Yaya Modi ya ja da baya ya ba mota hanya.

"Allah shi ya tsare," in ji shi. "Ɗauko jikkarka mu tai. An yi ruwa jiya, gobe akwai shuka."